Shekarar da Kausila Ta Dafa Daliya

A shekarar 1954 na kama aikin akawu a wani lambun furanni da ke saman garin Kalimpong a ƙasar Indiya, na Tulsiram Basnet, wanda kowa ke kira Babu, wato maigida. Ni ke rubuta wasiƙu, ni ke rubuta adireshi a kan ƙunshin saiwoyin da ake aikawa ta gidan waya, ni ke rubuta sunan kowane fure a tsagin gora a soke a gindinsa. A can na tarar da Kausila Rai. Ta girme ni da shekara bakwai, don haka Didi nake ce mata, wato yaya. Ita kuma in tana cikin raha ta ce mini Bhai, wato ƙane, in na ɓata mata rai ta ce "kai mai alƙalami".

Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa. Da dakon taki ta fara aiki a lambun, kwando a baya, igiya a goshi, tana hawa tana sauka tsakanin fegin gonar da aka yanka a jikin tsauni kamar matakala. Shekara uku tana wannan dako kafin Babu ya lura cewa duk saiwar da ta binne da hannunta sai ta tsiro. Daga nan ya sauke mata kwando ya damƙa mata kula da furannin daliya.

Babu yana da wani tsohon littafin tallar iri, bugun Ingila tun kafin yaƙin duniya na biyu, wanda ya samu cikin tarkacen wani Bature manajan gonar shayi da ya yi gwanjon kayansa ya koma gida. Bango ya yage, kyankyasai sun gaigaye gefen shafuka. Daliya iri ɗari da arba'in ne a ciki, kowace da sunanta da kirarinta. Babu ya sa wa ransa sai ya tara su duka a lambunsa. Ya rubuta wasiƙu, ya bi tsofaffin gidajen Turawa na Darjeeling da Kurseong yana roƙon masu kula da lambu su tsaga masa saiwa. Lokacin da na zo ya tara tamanin da ɗaya. Duk wadda ya samu sai ya yi mata ɗigo da jan fensir a littafin.

Da rana in an zauna shan shayi yakan sa ni in fassara wa ma'aikata abin da aka rubuta. Wata rana na karanta: "Fure faɗin faranti, kara kamar ƙarfe, ba ya sunkuya wa ruwa ko iska."

Kausila ta ajiye kofinta. "Bhai, wanda ya rubuta wannan ya taɓa ganin damina kuwa?"

"Bature ne, Didi. Ƙasarsu ma ana ruwa."

"Yayyafi dai. A kawo shi nan a watan bakwai, shi kansa sai mun kafa masa gora mun ɗaure shi."

Babu ya yi dariya har da tari, sa'annan ya ce ta rufe baki, littafin ya girme ta a sanin fure.

Ba ta iya karatu ba, kuma sunayen Turancin ba sa zama a bakinta, sai ta raɗa wa furannin nata. Akwai Matar Likita, fara mai girman kai. Akwai Mashayi, wanda kullum sai ya karkace komai ɗaurin da aka yi masa. Akwai Mai Kunya, da ba ta buɗewa sai damina ta kusa ƙarewa. Amma saiwoyin, ko a duhu ta san su. Wata shekara da sanyi, bayan an tono su an jera a rumbu, katakon da aka jera su a kai ya karye, komai ya zube ya cakuɗe, tsagin gorar da na rubuta suka watse. Babu ya ɗora hannu a ka. Kausila ta zauna a ƙasa kwana biyu tana ɗaukar saiwa ɗaya-ɗaya, ta juya ta, ta shafa wuyanta, ta ce wannan Mashayi ne, wannan Matar Likita. Da suka yi fure, huɗu kawai ta kuskure.

Daliya in an shuka ƙwayar irinta ba ta ɗauko uwarta. Ka shuka ɗari, da ƙyar ka sami ɗaya mai kyan gani, shi ya sa masu lambu saiwa suke rabawa. Kausila kuwa takan tsinki busassun kawunan fure ta ƙulle a bakin mayafi, ta kai gida ta shuka a bayan ɗakin girkinta, a unguwar ma'aikata da ke gangaren ƙasa da lambu. Shekara biyar tana yi tana tugewa tana zubarwa. A ta shida ta shigo ofis da fure ɗaya a hannu ta ajiye a kan teburina. Ja ne mai duhu, tsakiyarsa kusan baƙi, bakin kowane ganyen furen fari kamar an tsoma a nono. An kwana ana ruwa, amma kansa a miƙe yake.

Babu ya daɗe yana kallonsa. Ya buɗe tsohon littafin, ya bi shafi-shafi, bai sami irinsa ba.

"Ina kika samo shi?"

"A bayan murhuna, Babu."

Ya ce ta kawo saiwar a yaɗa ta a lambu, ta kawo ba musu. Cikin shekara uku fegi biyu suka cika da shi. A littafin tallarmu na 1961 ya fito a shafin farko, da sunan matar Babu: Srimati Padma Basnet, wato Uwargida Padma Basnet. Ni na rubuta tallar da hannuna, kamar yadda ya faɗa mini. Ya ba Kausila mayafin ulu.

Ranar da littafin ya iso daga maɗaba'a ta zo ta tsaya a bakin ƙofa. "Bhai, karanta mini nawa."

Na karanta kalarsa da tsayinsa da faɗinsa, na rufe littafin.

"Saura layi biyu. Ban iya karatu ba, amma na iya ƙirga."

Na karanta: "Mai wannan lambu ne ya samar da shi da kansa, bayan wahalar shekaru masu yawa."

Ta gyaɗa kai. "Ayya, Babu ya sha wahala. Ka gaishe shi da jiki." Ta juya ta tafi. Ba ta sake tayar da maganar ba, mayafin kuma ban taɓa ganinsa a jikinta ba.

Mijinta Birkhaman mai alfadarai ne, yana dakon kaya a hanyar Tibet. Da aka rufe hanyar a 1962 ya sayar da dabbobin ya zauna a gida. Ba mugu ba ne, ba ya duka, ba ya zagi. Zama kawai yake a bakin ƙofa da tulun giyar tamba, yana kallon tsaunukan da ya saba ƙetarewa. 'Yarsu ɗaya, Junmaya, wadda Kausila ta tsaya tsayin daka sai da ta yi makaranta. A 1968 tana shekara ashirin, tana koyon aikin malanta a Darjeeling, ta zo gida hutun bikin Dasain.

Ana gama biki ruwa ya sauko. Ba irin ruwan da muka sani ba ne. Kwana uku bai tsagaita ba ko na shan kofin shayi. Babu yana Kalkata wurin 'yan'uwan matarsa, ni kaɗai ne a ɗakina na cikin lambu. Da safen kwana na uku sai ga Kausila ta hauro, buhu a ka, igiya a hannu. Ba wanda ya aika mata. Daga baya ta ba ni labarin yadda ta fito. Junmaya ta riƙe mata hannu ta ce, "Ama, furen Babu ba zai mutu don kwana ɗaya ba. Zauna, ga shayi na ɗora." Ita kuma ta ce, "Yanzu zan dawo. Ki rufe mini nawa kar ya huce."

Wajen ƙarfe goma tana fegin sama tana ɗaure gorar da iska ta kwantar, ina riƙe mata igiya ina mita. Sai muka ji ƙara daga ƙasa, kamar an juye duwatsu daga manyan motoci da yawa a lokaci guda. Ƙasa ta girgiza a tafin ƙafarmu. Hazo ya hana mu ganin komai, sai warin ɗanyar ƙasa da ya taso.

Ta saki gorar ta ruga, na bi ta. Fegi na shida daga sama shi ne ƙarshen lambun a ranar. Daga nan sai rami, jan laka yana malala har rafi. Rabin lambu ya tafi, unguwar ma'aikata ta tafi, gida goma sha ɗaya. Ba rufi, ba ginshiƙi, ba ko kukan akuya.

Kausila ba ta yi kururuwa ba. Ta gangara cikin lakar har cinya tana tono da hannu a inda take zaton gidanta yake. Mu uku muka fito da ita da ƙarfi, ta ciji ɗaya a hannu. Washegari ta koma, da wanshekaren ma. An tono mutum tara a wannan gangare. Birkhaman da Junmaya ba sa ciki, kuma har yau ba a same su ba.

Waɗanda suka tsira, da mutanen gangaren maƙwabta da gidajensu suka tsage, suka taru a rumfar da muke ɗaure kaya, mutum arba'in da wani abu, da tsofaffi da masu goyo. Ruwa ya ɗauke gadar kogin Tista, hanyoyi sun yanke, ba abin da ke shigowa gari. Shinkafar da ke ɗakin ajiyar Babu ta ƙare a kwana na biyar. A kasuwa 'yan tireda sun rufe. Masara da tambar mutane suna ƙarƙashin laka. Abin da hukuma ke rabawa a cikin gari bai iso mana ba sai jifa-jifa.

Kwanakin nan Kausila tana zaune a lungu, ba ta magana, ba ta ci. Da safen kwana na bakwai wata mai goyo ta yi ta fama da jaririnta, nono ya ƙafe, yaro ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Kausila ta tashi, ta ɗauki fartanya da kwando ta fita. Na same ta a fegin sama ta sare Matar Likita tana tono gindinta.

"Didi, me kike yi?"

"Tono."

"Na Babu ne! Wannan shekara huɗu ya yi yana nemanta."

"To ka rubuta masa wasiƙa, mai alƙalami. In ka sami ɗan aike."

"Ana ma cin abin nan?"

"Ɓeraye suna ci, ba su mutu ba. Riƙe kwando ko ka ba ni wuri."

Na riƙe kwando.

Ta wanke saiwoyin, ta fere, ta dafa a tukunyar da muke narka kakin rufe ƙunshi, da gishiri da barkono. Itace duk ya jiƙe, sai tsagin gorar da na rubuta sunaye a kai ne ke kama wuta, da su ta hura. Abin ba daɗi. Wani yana da ɗan zaƙi kamar ɗanyen dankali, wani ɗaci da ƙamshin magani, kuma duk yana kumbura ciki. Wani tsoho mai suna Dalbir ya tauna ya yamutsa fuska ya ce, "Kausila, wannan wace ce?"

"Matar Likita."

"Haba, shi ya sa take da ɗaci. Gobe ki dafa mana Mashayi, ko ma ji ɗan daɗi."

Aka yi dariya, karo na farko tun zaftarewar ƙasar. Ita ba ta yi ba.

Kwana goma sha ɗaya muna ci. Fegi-fegi take bi, kuma da farko takan bar gindi ɗaya na kowane iri don a sami na shuka. Da abin ya yi tsanani ta koma ta tone waɗannan ma. Nata furen yana fegi biyu ne, ɗaya ya tafi da laka. Ɗayan ta bar shi har ƙarshe. Ranar da ta zo kansa na ce ta ɓoye ko saiwa biyu a ɗakina, ba wanda zai sani.

Ta dube ni. "Don furannin nan na bar 'yata da kofin shayi a hannu. Miƙo fartanya."

Ba wanda ya mutu da yunwa a rumfar. Jaririn nan ma ya rayu.

Babu ya iso bayan sati uku, da ƙafa, ta hanyar daji. Ya tsaya a fegin sama yana kallon ramuka. Shekara ashirin na rayuwarsa ke nan, kuma ba zan ce ciwon da ya ji ƙarya ba ne. Ya sa aka kira ta.

"Ko ɗaya ba ki bari ba?"

"Ko ɗaya, Babu."

"Iri casa'in da shida. Da kin bar gindi ɗaya-ɗaya, me zai ragu a tukunya?"

"Kwana biyu."

"Wa ya ba ki izini?"

Ya juyo wurina ya tambaya ko da sanina aka yi. Na ce na hana ta, ba ta ji ba. Gaskiya ne na hana, amma ni na riƙe kwando, kuma na ci. Wannan ban faɗa ba. Ina da mata da 'ya'ya biyu a ƙauye, ina tsoron aikina. Ya ce mata ta tafi, kar ya sake ganinta a lambunsa. Waɗanda suka ci daga tukunyarta suna tsaye, kowa ya sunkuyar da kai. Tsoho Dalbir kaɗai ya tofar da yawu ya bi bayanta.

Babu bai sake shuka daliya ba. Ya koma sayar da wasu furannin, ya rasu a 1975, 'ya'yansa suka yanka filin suka sayar aka yi gidaje. Ni na koma rubuta wa mutane takardu a bakin kotu.

Kausila ta yi shekara shida tana fasa dutse a gefen hanya tare da masu gyaran titi. Da ƙirjinta ya fara ciwo ta kama ɗaki a bayan kasuwa, tana kasa ganye da barkono ranar Laraba da Asabar. In na hango ta nakan tsallaka titi. Shekara goma sha ɗaya ba mu yi magana ba.

A 1979 ita ta zo ta tsaya a gaban teburina. Ta rame, gashi ya yi fari.

"Bhai, har yanzu kana da alƙalami?"

Na miƙe tsaye. Na fara cewa, "Didi, ranar nan da Babu ya..."

"Zauna. Ba wannan ya kawo ni ba. Waɗanda kuka aika wa furena, ka san inda suke?"

Littafin adireshin yana wurina, na ɗauke shi lokacin da aka watse. Na tambaye ta me ya sa sai yanzu. Ta ce Junmaya ce ta fara ganinsa ranar da ya buɗe a bayan murhu, tana 'yar shekara goma, ita ta kira ta ta zo ta gani. Ta ce fuskar yarinyar ta fara ɓace mata, ba ta da hoto, ba ta da kabari. Tana so ta ga wani abu da idon 'yarta ya taɓa gani.

Na rubuta wasiƙa hamsin da takwas. Yawancinsu shiru. Wasu suka dawo an rubuta ba a san mai adireshin ba. Wata mata a Ranchi ta ce zafi ya ruɓar da nata tun shekarar farko. Wani a Shimla ya ce mahaifinsa ya rasu, an yi garejin mota a lambun. Kowace Asabar sai ta zo, in karanta mata abin da ya iso, ta ce to, ta tafi.

A wata na bakwai wani tsohon likitan hukumar jirgin ƙasa a Shillong ya aiko ƙunshi, da takarda cewa yana zaton wannan ne. Saiwa ɗaya ce, a yamushe. Kausila ta juya ta a hannu, ta shafa wuyan, ta daɗe.

"Ita ce?"

"Hannuna ya manta, Bhai. Dutse ya cinye shi."

Ta shuka a garwar kananzir a bakin ƙofarta. Ta tsiro, amma ganyen ya fito a murɗe da ɗigon rawaya, ciwon da ke kama tsohuwar daliya, wanda ba shi da magani. Ba ta kai gwiwa ba. A watan tara ta yi fure ɗaya ƙarami, ja fayau, ba farin baki. Ko wata ce daban likitan ya aiko, ko ita ce ciwo ya lalata, ba mu sani ba. Na ce mu sake rubutawa. Ta ce a bari haka nan.

Duk da haka ta ci gaba da ba ta ruwa. Kowane sanyi ta tono saiwar ta ajiye a toka, da bazara ta mayar. Ni kuma na koma zuwa wurinta ranar kasuwa, in sayi ganyen da ba na bukata, mu sha shayi. Ba ta taɓa cewa ta yafe mini ba, ban kuma sake samun ƙarfin roƙo ba.

Tarin ya kwantar da ita a farkon 1984. Na kai ta asibiti, ta yi kwana tara, ta rasu ranar wata Talata da hantsi. Danginta na can Nepal, ba mu san yadda za a same su ba. Mu shida muka kai ta: ni, da mai gidan da take haya, da mata biyu 'yan kasuwa da suka tsaya daga nesa, da wasu mutum biyu da suka taɓa fasa dutse tare da ita. Ƙasar wurin duwatsu ce, sai la'asar muka gama haƙa. A hanyar dawowa mai gidan ya tambaye ni yaushe zan zo in kwashe kayanta, don akwai wani tela da ke son ɗakin daga ranar ɗaya ga wata. Na ce masa gobe.